Amfilifayar jita mai cizon kunne: daga ina kaifin yake fitowa?

Akwai ƙorafi guda da masu gyaran kayan sauti a Kaduna suka saba ji daga bakin makaɗan jita, ko na coci-cocin Sabon Tasha da Narayi, ko 'yan bandi masu zagaya wuraren biki a Barnawa da Unguwar Rimi. Yaro zai sauke amfilifaya daga Keke ya ce, “Oga, abin nan tana cizon kunne. Da na taɓa siririyar tsirkiya sai ka ga mutanen gaba suna yamutsa fuska. In kuma na rage tirebul sai ta dushe, ba a ji na sam.” Maganarsa ta ƙarshe ita ce abin riƙewa. Tunda murɗa tirebul bai raba gardama ba, to ba a nan gizo ke saƙar ba.

Abin da aka fi yi a kan benci shi ne a ɗauko ɗan kafasito, ƙaramin kayan lantarki mai barin sautin sama ya wuce ta cikinsa, a liƙa shi tsakanin hanyar sauti da layin ƙasa, a duk inda hannu ya fi saurin kaiwa. Kaifi zai ragu, babu shakka. Makaɗi ya gwada a shago shi kaɗai, ya ji daɗi, ya biya. Ran Lahadi kuwa, da ganguna da kibod da mawaƙa suka taso, sai jitar ta nutse, ya ƙara bolum don a ji shi, amfilifaya ta kai maƙura ta fara yanke kan sauti, kaifin ya dawo ta wata ƙofa har ya fi na da muni. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Kafin a yi maganar girman kafasiton da za a sa, sai an san inda aka haifi kaifin, domin kafasito ɗaya tak, in an sa shi a wani wuri magani ne, in an matsar da shi gaba ko baya kaɗan sai ya kashe muryar jitar.

Tsirkiya mafi kauri ta jita, in an kaɗa ta a sake, tana kaɗawa sau 82 a daƙiƙa, wato 82 Hz. Mafi siranta tana kan 330 Hz, in aka bi ta har ƙarshen wuya a jita mai gaɓa 24 ta kai wajen 1,300 Hz. Asalin muryar jita bai wuce nan ba. Duk abin da ke sama da haka 'ya'yan sauti ne, ninki biyu da ninki uku da ninki huɗu na asalin, waɗanda tsirkiya ke fitarwa tare da shi, su ne kuma suke bambanta jita da garaya ko da an kaɗa su a kan murya ɗaya. Shi kuwa kunne ba ya yi wa kowane zango adalci. Tun a 1933 Harvey Fletcher da Wilden Munson na Bell Labs a Amurka suka fitar da awon da ya nuna kunne ya fi ji a tsakanin 2,000 da 5,000 Hz, ramin kunnen da kansa yana ƙara wa abin da ke kusa da 3,000 Hz ƙarfi. A wannan zango cizon yake. Abin da ke sama da 6,000 Hz kuma wata cuta ce daban, ƙarar ziii ce mai bin bayan kowace murya, wadda zan kira kaushi. Cizo da kaushi ba maganinsu ɗaya ba. Wahalar kuma ita ce, zangon da ke cizo shi ne dai zangon da ke sa a rarrabe jita a cikin taron kayan kiɗa. Ana so a rage masa tsini ne, ba a share shi ba.

Kafin a kwance ko da sukurun ɗaya, a dubi sifika. Sifikar jita ta ainihi an ƙera ta ne ta zama matatar sauti. Greenback ta kamfanin Celestion na Ingila, wadda ta cika akwatunan Marshall, awonta daga 75 ne zuwa 5,000 Hz, daga nan sai ta sauka da sauri. Babu tuwita, wato ƙaramar sifika mai fitar da siririn sauti, a akwatin jita, da gangan kuma aka yi haka. A garin nan kuwa sau da yawa jita tana shiga amfilifayar kibod ne, ko ta wuce kai tsaye cikin miksa ta fito ta manyan sifikun zaure masu ƙaho a sama. Ko kuma amfilifayar gwanjo ce da sifikarta ta ƙone, aka maye gurbin da duk mai inci 12 da aka samu a kasuwa, wadda aka yi don sauraron waƙa. Masu ƙaho ko tuwita a cikin irin waɗannan suna fitar da komai har sama da 15,000 Hz, kaushin da sifikar jita za ta haɗiye sai su zuba shi a kunnen jama'a. In akwai tuwita a akwatin, a zare wayarta ɗaya a sake kaɗawa. Sau da yawa a nan maganar take ƙarewa. In sifikar an taɓa yi mata naɗi, a ɗora yatsu a kewayen tsakiyar kwalin a danna a hankali. Idan aka ji ƙar-ƙar, naɗin yana gugar maganaɗisu, babu kafasiton da zai gyara wannan.

Sai kuma inda sifikar ta dosa. Tsawon igiyar sautin 3,000 Hz bai wuce santimita 11 ko 12 ba, faɗin kwalin sifika mai inci 12 kuwa ya kai santimita 25. Da zarar faɗin kwali ya fi tsawon igiyar, sauti ba ya bazuwa gefe-gefe, miƙewa yake yi. Ka duba yadda ake ajiye amfilifaya a yawancin wuraren nan: a ƙasa, bayan ƙafar makaɗi. Kaifin yana wucewa ta gwiwarsa, kunnensa da ke can sama dusasshen sauti yake ji, sai ya ƙara tirebul. Dandalin kuma a ɗage yake, ke nan tsakiyar sifikar tana saitin fuskar dattawan da aka ba kujerun gaba. Ga tayil a ƙasa, ga bangon siminti, ga kwano a sama, duka suna dawo da kaifi ba sa shanyewa. A jingina amfilifayar baya ta kalli kan makaɗin, ko a ɗora ta a kujera, da hannunsa zai rage tirebul ba sai an roƙe shi ba. Akwai kuma abin da ba a son faɗa: wanda ya shekara da shekaru yana tsayawa kusa da ganguna, wurin da jinsa ke fara raguwa shi ne wajen 4,000 Hz. Abin da yake ji daidai, wasu azaba suke ji.

Wayar jita ma tana da hannu. Abin ɗaukar sauti da ke ƙarƙashin tsirkiyoyi naɗin siririyar waya ne a kan maganaɗisu, ita kuwa wayar da ke zuwa amfilifaya kafasito ce a ɓoye, wajen 100 pF (ma'aunin girman kafasito) a kowace mita. In naɗi ya haɗu da kafasito sai su yi tudu a wani zango, bayan tudun kuma sauti ya faɗi. A jita mai naɗi ɗaya irin Stratocaster, waya mai mita 3 takan sa tudun a wajen 5,000 Hz, mai mita 6 ta sauko da shi kusa da 4,000, mai mita 10 ta kawo shi wajen 3,000. Doguwar waya tana rage kaushi amma tana iya turo tudun cikin zangon cizo. Maɓallin tirebul na jikin jitar, wanda makaɗa da yawa suke bari a ƙarshe har abada, in an dawo da shi daga 10 zuwa 7 tudun nan yake fara dannewa kafin ya taɓa sauran.

Wuta ma a auna ta. Amfilifayar tiransisto mai tiransifoma, ƙarfin da take iya bayarwa kafin ta fara yanka yana bin wutar da ta shigo ninki a kan ninki. Wutarmu 230 ya kamata ta zama. In ta sauko 180 da yamma, ko janareto ya sha kaya, kusan kashi 40 cikin ɗari na ƙarfin ya tafi. Amfilifayar da ke da daɗi da safe ta koma cizo da dare, mita da sitabilaiza take buƙata.

Idan duk wannan ya wuce kaifi yana nan, to a buɗe. Amma amfilifayar bawul, wato mai kwalaben gilashi masu ƙara sauti a madadin tiransisto, tana da bolt 400 zuwa 500 a cikinta, manyan kafasitocin tace wuta kuma suna iya riƙe shi bayan an zare fulogi. Yana kisa. Ana sauke shi ne ta rizisto, ɗan kayan da ke rage gudun wuta, a sa mita a tabbatar ya kai sifili kafin yatsa ya shiga, ba a gwada shi da sukundireba. Kuma ba a kunna amfilifayar bawul babu sifika a haɗe, domin tiransifomar fita ce ke ƙonewa, ita ce kuma mafi tsada da wuyar samu. Wanda bai saba ba ya kai wa wanda ya saba, ya tsaya a gefe da jitarsa yana saurare.

Lissafi ɗaya ne ke riƙe da duk aikin. Duk inda rizisto da kafasito suka haɗu akwai zangon da suke fara aiki. A ninka rizisto a ma'aunin kilo-om da kafasito a ma'aunin nF, a raba 159,000 da abin da ya fito, amsar ita ce Hz. 1 nF daidai yake da 1,000 pF. Wanda ya riƙe wannan ya daina liƙe-liƙen sa'a.

Wurin farko da nake dubawa shi ne bayan maɓallin bolum ko na gen, mai ƙara ƙarfin sauti a matakan farko. In an juya akwatin za a ga ƙafafu uku, sau da yawa kuma akwai wani ɗan ƙaramin kafasito, faifai mai launin ƙasa ko ɗan murabba'i, an liƙa shi tsakanin ƙafar shiga da ta tsakiya. Aikinsa ya tsallakar da sautin sama ta gefe, ba tare da bolum ya rage shi ba. Fender ta sa 120 pF a kan makunnin da aka rubuta wa Bright a Twin Reverb, a Deluxe Reverb kuma ta liƙa 47 pF a tashar shigar jita ta biyu babu makunni. Marshall JCM800, wadda ta fito a 1981, 1 nF ne a kan gen ɗinta. A ɗauki bolum mai 1,000 kilo-om a tsakiyar murɗawa. Irin wannan bolum ba ya raba juriyarsa biyu daidai, a tsakiya wajen 900 ne a sama, 100 a ƙasa. Da 47 pF ƙarin yana farawa ne daga wajen 3,700 Hz, da 120 pF daga wajen 1,500 Hz. Da 1 nF kuwa yana farawa tun ƙasa da 200 Hz, kafin a kai 2,000 Hz kusan komai yana wucewa kamar an buɗe bolum duka, alhali an danne bes ninki goma.

Alamar wannan cuta a fili take: amfilifaya ta yi tsini in bolum yana ƙasa, ta yi daɗi in an buɗe shi. Da an murɗa zuwa ƙarshe ƙafafun biyu sun haɗe, kafasiton ya zama ɗan kallo. Su Leo Fender da Jim Marshall sun ƙera kayansu ne don a buɗe su a manyan wurare a lokacin da babu miksa mai ɗaukar komai. Yau an kawo mai wat 100 an ajiye ta a ɗakin taro mai ɗaukar mutum ɗari biyu, mai kula da sauti ya hana a wuce 2. Ke nan tana zaune ne a daidai inda kafasiton ya fi ɓarna. Gyaran minti biyar ne. A ɗaga ƙafarsa ɗaya a saurara. In an ji jitar ta yi sanyi da yawa, a sa ƙarami, 1 nF ya koma 220 pF ko 100 pF. Hanyar da na fi so ita ce a bar kafasiton a jera masa rizisto na 100 zuwa 220 kilo-om, saboda wannan yana ƙayyade iyakar ƙarin, haske ya rage amma tsini ba ya hawa yadda ya ga dama. A amfilifaya tsohuwa mai daraja kada a yanke komai, ƙafa ɗaya za a ɗaga a lanƙwasa a bar shi a wurin. A JCM800 akwai kuma rizisto 470 kilo-om da kafasito 470 pF a haɗe gefe da gefe a kan hanyar sauti, suna ɗaga duk abin da ke sama da wajen 720 Hz. Su ma ana cire kafasitonsu, amma da su ake gane muryar wannan amfilifaya. Wanda ya cire duka ya mayar da ita wata aba daban.

Duk wannan kaifi ne da ya shigo kafin a yanke sauti. Akwai wanda yankan ne da kansa ke haifarwa, shi ne kuma mutane suka fi ruɗewa a kansa. Lokacin da aka ƙara gen har mataki ya kai iyakarsa, kan igiyar sauti yana askewa, askin nan kuwa yana ƙirƙiro sababbin 'ya'yan sauti da babu su a tsirkiya. In an aske sama da ƙasa daidai wa daida, na uku da na biyar da na bakwai da na tara ne ke fitowa. A ɗauki muryar 440 Hz: ɗanta na bakwai yana 3,080 Hz, na tara yana 3,960 Hz, duka a tsakiyar zangon cizo. Iya kaifin kusurwar askin, iya yawan waɗannan 'ya'ya na sama. Dayod biyu zuwa layin ƙasa, ko aisi (IC) da ya bugi iyakar wutarsa, kusurwa mai kaifi suke yi. Bawul yakan lanƙwasa kafin ya yanke, shi ya sa ake yabonsa, ko da yake shi ma in aka matsa masa yana yin kaushin da ba a iya zama kusa da shi.

Daga nan abin ya bayyana. In kaifin yankan ne ya haife shi, duk matatar da aka sa kafin wurin yankan aikin banza ce. Za ta dusar da sautin da ke shiga, yankan kuma ya sake haifar da kaushinsa a gaba. Matata bayan yanka ake sa ta. Hanyar ganewa ba ta buƙatar kayan awo: a rage bolum na jikin jitar har sauti ya tsarkaka. In kaifi ya tafi tare da gurɓatar sautin, na yanka ne. In yana nan a tsarkakken sauti, daga gaba ya zo ko daga sifika.

A amfilifayar bawul, wurin da aka saba sa wannan matata shi ne kan rizisto 100 kilo-om na faranti, wato ƙafar fitar sauti ta ƙaramin bawul 12AX7, a mataki na ƙarshe mai yanka. A nan wasu suke kuskuren lissafi, su ɗauki 100 ɗin kai tsaye. Bawul ɗin yana da juriyar cikinsa ta wajen 62 kilo-om, in an haɗa su gefe da gefe abin da kafasito ke gani wajen 38 ne. Ke nan 470 pF yana fara rage abin da ke sama da wajen 8,900 Hz, kaushi kawai yake sharewa. 1 nF yana farawa daga wajen 4,200 Hz, ya fara taɓa cizo. 2.2 nF ya sauko ƙasa da 2,000 Hz, jitar ta koma kamar mai magana daga cikin randa. Kafasiton kuma ya zama mai ɗaukar bolt 500 ko fiye, ba irin na rediyo ba.

Akwai wata hanya da ba ta buƙatar kafasito ma. Tsakanin raga, wato ƙafar shigar sauti, da farantin 12AX7 akwai ɗan kafasito na halitta, 1.7 pF kacal, amma bawul ɗin yana ninka shi da ƙarfin ƙarinsa har ya zama kamar 100 pF da ɗoriya a ƙofar shiga. Rizisto 68 kilo-om da ke bakin shigar yawancin amfilifayoyi da shi yake aiki, yana tare abin da ke sama da 20,000 Hz, wato tashoshin rediyo kada su shigo. In aka sa 220 kilo-om a ragar wani mataki na gaba, ragin zai fara daga wajen 6,500 Hz, 470 kuma daga wajen 3,000. Ana liƙa shi ne a jikin ƙafar soket ɗin bawul, ba a can nesa a allo ba. A matakin farko kada a ƙara shi, ƙarar shii yake kawowa.

Mafi yawan amfilifayoyin da ke hannun makaɗanmu dai na tiransisto ne da aisi, irin su 4558 da TL072 a gaba. A nan kafasiton yana zama ne gefe da gefe da rizisto mai dawo da sauti daga fitar aisi zuwa shigarsa. Tube Screamer ta Ibanez, 'yar na'urar ƙara wa jita gen da ake takawa da ƙafa, wadda ta fito a ƙarshen shekarun 1970, misali ce mai kyau ga duk mai son koyo. 51 pF aka sa a kan rizisto 51 kilo-om da maɓallin gen mai 500. In gen yana ƙasa kafasiton ba ya taɓa komai da kunne ke ji. In an buɗe shi duka, jimillar ta zama 551, ragin ya sauko wajen 5,700 Hz. Wato iya yawan yanka, iya yawan tacewa, ba tare da makaɗi ya taɓa komai ba. Bayan dayod kuma aka sake sa 1 kilo-om da 220 nF, masu farawa daga wajen 720 Hz. Ƙananan amfilifayoyin koyo da yawa sun yi rowar wannan tacewa ta baya, ga kuma sifika mai inci 6 ko 8. Ƙara kafasito ɗaya bayan dayod yana canja su sosai.

Abin da zai ba wasu mamaki shi ne, wani lokaci maganin kaushin sama rage bes ne. In bes mai yawa ya daki ragar bawul, kafasiton da ke haɗa matakai biyu yana cajuwa ya ture bawul ɗin daga mazauninsa, ya shaƙe na ɗan lokaci kafin ya farfaɗo. Abin da kunne ke ji shi ne wani ɓarɓashi mai tsatsa a kan manyan tsirkiyoyi, musamman in an haɗa murya uku ko huɗu. Mai gyara ya yi ta rage sama, abin yana nan. A mayar da kafasiton haɗin daga 22 nF zuwa 4.7 ko 2.2 nF a matakin farko, ko a rage na katod, wato ƙafar bawul mai bi zuwa layin ƙasa. Fender takan sa 25 µF a katod (1 µF daidai yake da 1,000 nF), mai barin bes duka ya wuce, Marshall kuma ta sa 0.68 µF a tasharta mai haske. Wannan bambanci yana cikin dalilan da suka sa ɗaya ta fi ɗaya jure gen.

Can ƙarshen amfilifayar bawul akwai waya ɗaya da ke ɗebo sauti daga fitar sifika ta mayar da shi baya a juye, dabarar da Harold Black ya ƙirƙiro a 1927. Amfaninta a nan shi ne, juriyar sifika tana hawa yayin da zango ke hawa, bawulolin ƙarfi kuma in an bar su sukan bi ta su ƙara sama. Sautin da aka mayar shi ke riƙe musu linzami. Maɓallin da aka rubuta wa Presence ba ya ƙara komai da kansa, cire sautin sama yake yi daga abin da ake mayarwa, sai saman ya kuɓuce. Don haka a fara dawo da shi sifili kafin a zargi wani abu. In bai isa ba ana rage rizisto mai mayarwar, misali daga 100 kilo-om na JCM800 zuwa 47 irin na tsofaffin Marshall. Sauti zai natsu, amma amfilifayar za ta rage saurin amsa hannu, kuma in aka zarce tana iya fara kuka ita kaɗai. Vox AC30 ba ta da wannan waya sam, shi ya sa aka ba ta maɓallin Cut, kafasito da bolum a tsakanin wayoyi biyu masu zuwa bawulolin ƙarfi, bayan duk yankan gaba ya gama. A ganina babu wurin rage kaifi da ya kai wannan hikima, kuma ana iya ƙara irinsa a wasu amfilifayoyin.

Kukan nan da na ambata yana da haɗari domin sau da yawa a sama yake da inda kunne ke ji. Ba a jin shi, ana jin ɓarnarsa: sauti ya yi rauni, ya yi tsatsa, amfilifaya ta yi zafi ba a kaɗa komai ba. Bayan kamfanin CBS ya sayi Fender a 1965, a ƙarshen shekarun 1960 an riƙa liƙa ƙananan kafasitoci daga ragar bawulolin ƙarfi zuwa layin ƙasa don kashe irin wannan kuka, maimakon a tsare tsarin shimfiɗa wayoyi. Makaɗa sun shafe shekaru suna biyan kuɗi a cire su, wani lokaci kuma in an cire kukan ya dawo, sai an gyara zaman wayoyin. A amfilifayar tiransisto akwai ɗan rizisto mai 'yan om kaɗan da kafasito a jere a bakin fitar sifika, su ke hana wannan. In an ga riziston ya yi baƙi ko ya tsage, an kama ɓarawo. Haka in an taɓa canja aisin ƙarfi irin TDA2030 da jabu. Osiloskof ne ke nuna wannan a fili, mita ba ta gani. Bayas, wato saitin wutar da bawul ko tiransisto ke ja in ba a kaɗa komai, in ya yi sanyi da yawa shi ma yana kawo tsatsa a daidai inda bawul ɗaya ke miƙa wa ɗan'uwansa aiki, ko tiransisto ɗaya ga ɗaya, an fi jin sa lokacin da murya ke mutuwa. Ƙurar hunturu a cikin bolum da soket kuma ƙaraf-ƙaraf take kawowa, feshi da goge-goge ne maganinta.

Rukunin tirebul da mid da bes kuwa ni ban cika son a taɓa shi ba. Gaskiya ne Fender 250 pF da 100 kilo-om ta sa, Marshall irin JCM800 470 pF da 33, kuma canja su yana matsar da ramin da ke tsakiya. Amma maɓallan uku a sarƙe suke, in ka taɓa ɗaya sauran sun motsa. Abin da makaɗa da yawa ba su gwada ba shi ne ƙara mid. Ramin tsakiyar nan in ya yi zurfi, sama ce ke tsayawa ita kaɗai tsirara. A kai mid 7, a dawo da tirebul 4, sau da yawa jitar za ta fito a cikin bandi ba tare da cizo ba.

Duk canjin da za a yi, ɗaya bayan ɗaya ake yi, da wayoyi masu bakin kada kafin a kawo dalma, ana kashewa ana sauke wuta kowane karo. A rubuta abin da aka cire da abin da aka sa a takarda a manna a cikin akwatin don mai gyara na gaba. Hukuncin ƙarshe kuma ba a shago ake yanke shi ba, domin kunne yana canja awonsa da ƙarfin sauti, zaure mai cike da mutane kuma yana shanye saman da zaure fanko ke dawowa da shi. A gwada a ƙarfin da za a yi aiki da shi, da mai ganga a zaune, wani ya tsaya a kujerun gaba wani a baya. In da 470 pF jitar ta ɓace a ƙarƙashin kuge da kibod, a sauka zuwa 220 pF a sake ji.